Tarwaɗa: Yadda ake tsaftace ta tun tana da rai kafin ta shiga tukunya

Mai bin hanyar Kano zuwa Zariya a ƙarshen mako, ko mai ratsawa ta Madobi zuwa ƙauyukan bakin kogi, da wuya ya rasa cin karo da motar da aka ɗora wa yankakkiyar jarka a baya, tarwaɗa tana mutsu-mutsu a ciki. Ma'aikata da 'yan kasuwar birni da dama sun fi son sayen kifinsu da rai daga hannun masunta ko masu kiwo, domin sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi, kuma mai saye ya ga abin da ya saya da idonsa. Sai dai ba kowane farfesu ne ke fitowa yadda aka so ba. Wani ya zo da yauƙi, wani da ƙarni, wani kuma da ɗanɗanon taɓo wanda ko an cika masa citta da tafarnuwa ba ya ɓoyuwa.

Waɗannan matsaloli ba tushensu ɗaya ba, don haka maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Gishiri da toka aikinsu a kan fata yake. Abin da ke cikin hanji da tsoka kuwa, ruwa mai tsabta da lokaci ne kaɗai ke fitar da shi, kuma dole a yi hakan kifin yana raye. Akwai kuma gurɓatar da babu wankin da ke kawar da ita.

Tarwaɗa da ruwan da take rayuwa a ciki

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce ke shayar da shirin noman rani na Kogin Kano da ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Madobi tana maƙwabtaka da wannan yanki, kuma ƙasarta tana kusa da Kogin Kano da Kogin Challawa. Ruwan da aka tanada domin shinkafa da alkama da tumatir ya samar wa kifi mazauni a manyan magudanan ruwa, da kwatocin da ke kwashe rarar ruwan gona, da kududdufai. Ban da wanda masunta ke kamawa, akwai na kiwo a tafkin ƙasa da tankin siminti da na tamfol.

A cikin kifayen yankin, irin su karfasa da kurungu da ragon ruwa, tarwaɗa ce aka fi sayarwa da rai. Masana suna kiran ta Clarias gariepinus, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon ta. Tana da 'yar'uwa, ramboshi, wadda masu ƙyanƙyasar kifi kan haɗa su aure domin samun iri mai saurin girma. Abin da ya sa tarwaɗa ke jure tafiya daga bakin ruwa zuwa gida shi ne wata gaɓa mai rassa da ke cikin kanta, wadda take shaƙar iska kai tsaye da ita. Muddin fatarta tana da danshi, takan yi sa'o'i a wajen ruwa ba ta mutu ba. Wannan baiwa ce kuma ke ba ta damar zama a ruwan da ya yi kauri da laka, inda wasu kifayen ba za su kwana ba. Ba ta da ɓawo, ba ta kuma zaɓen abinci: ƙwari, tsutsa, ƙananan kifaye, mushe, duk ci take yi.

Abubuwa uku da ake son raba ta da su

Na farko shi ne yauƙin fata. Kariya ce da kifin ke fitarwa domin tsare kansa daga ƙwayoyin cuta da ƙujewa, kuma yana ƙaruwa idan kifin ya firgita. Shi ne ke riƙe laka da datti, shi ne kuma ke sa romo ya yi kauri da santsi.

Na biyu shi ne abin da ke cikin tumbi da hanji. Kifin da aka kama cikinsa cike ya fi saurin lalacewa, saboda sinadaran narkar da abinci da ƙwayoyin cutar hanji suna ci gaba da aiki bayan ya mutu, har su fara cin naman ciki. Hanjin da ya cika kuma ya fi saurin fashewa a ƙarƙashin wuƙa.

Na uku, wanda ya fi wuyar sha'ani, shi ne ɗanɗanon taɓo. Mutane da yawa suna zaton laka ce kifin ya haɗiya. A haƙiƙa wani sinadari ne mai suna jiyosmin, da wani makamancinsa da ake taƙaita sunansa da MIB, waɗanda wasu nau'o'in gansakuka da ƙwayoyin halittar ƙasa ke samarwa. Jiyosmin ne ke ba da ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, kuma hancin ɗan Adam yana jin sa ko da ɗan mitsitsi ne. Yana shiga jikin kifi ta wurin numfashi, ya taru a cikin kitse. Ruwa ba ya tsami banza: tafkin da ya yi kore shar, wanda ake zuba wa abinci fiye da ƙima ba a kuma canza masa ruwa, shi ya fi haifar da wannan ɗanɗano, musamman a lokacin bazara. Saboda a kitse yake zama, babbar tarwaɗa mai maiƙo ta fi matsakaiciya ɗaukar sa.

Zaɓe da ɗauka

Tsafta tana farawa ne daga wurin ciniki. Lafiyayyiyar tarwaɗa tana da kuzari, tana kaucewa idan an taɓa ta, fatarta sumul, gashin bakinta guda takwas a miƙe. Wadda ke shawagi a saman ruwa ciki sama, ko mai gyambo, ko mai kumburarren ciki, ko wadda fatarta ta yi fari-fari, a bar wa mai ita. Wadda aka tarar ta riga ta mutu kuma ba a san yaushe ba, barin ta ya fi, domin a zafin Kano na watannin Maris zuwa Mayu, da kan kai digiri 40, sa'o'i kaɗan sun isa kifi ya fara ruɓewa.

Idan daga gonar kiwo ne, akwai tambayoyi biyu da suka kamata: yaushe aka ba kifin abinci na ƙarshe, kuma ko an ba shi magani kwanan nan. Masu kiwon da suka san aikinsu sukan tsayar da abinci kwana guda kafin kamu.

Wajen ɗauka, ruwa kaɗan ya wadatar, gwargwadon abin da zai rufe bayan kifin. A rufe bakin mazubin da raga ko buhu mai huji domin tarwaɗa tana tsalle, amma kada a toshe shi ruf, kada kuma a bar shi a rana ko a rufaffen but na tsawon lokaci. Tarwaɗar da aka hana ta kai bakinta saman ruwa ta shaƙi iska tana iya mutuwa a cikin ruwan.

Ajiya a ruwa mai tsabta

Da isa gida, sai a juye kifin a babban baho ko rabin duro, a ɗauraye shi har lakar jikinsa ta fita, sa'an nan a zuba masa sabon ruwa a ajiye a inuwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi dacewa. Idan na famfo ne, a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana domin sinadarin kulorin ya ragu. Ba a ba kifin abinci ko kaɗan, ba a kuma zuba gishiri. Ana canza ruwan safe da yamma, ko duk lokacin da ya yi duhu ko kumfa. Kada a cunkusa su, kuma a raba manya da ƙanana, domin tarwaɗa mai jin yunwa tana cizon 'yar'uwarta, babba ma takan haɗiye ƙarama. A riƙa dubawa, duk wadda ta mutu a cire ta nan take.

Kwana ɗaya zuwa biyu sun isa hanji ya zazzage abin da ke cikinsa, kuma za a ga shaidar hakan a gindin bahon. Ɗanɗanon taɓo ya fi haka jinkiri. Mai sauƙi yakan ragu cikin 'yan kwanaki, mai ƙarfi kuma yana iya kai mako ko fiye. A jihar Misisifi ta Amurka, inda ake kiwon wani nau'in tarwaɗa da yawa, masana'antun sarrafa kifi suna da masu ɗanɗano da ke dafa samfuri daga tafki kafin a yarda a kwashe shi, idan an ji taɓo sai a ɗage kamun. Mai sayen kifi da yawa domin biki ko sana'a zai iya yin haka: ya dafa ɗaya ba tare da kayan yaji ba, ya ɗanɗana, kafin ya yanke shawara a kan sauran.

Ga ɗan kasuwa, wannan ajiya tana da tsadarta, domin kifin yakan ɗan rage nauyi, ga kuɗin ruwa da hidima. Amma mai gidan abinci ko mai banda da ya sayar da kifi mai warin taɓo, asararsa ta fi wannan, tunda ko hayaƙi ba ya rufe warin gaba ɗaya, kuma mai saye ba ya mantuwa.

Wannan dabara tana da makamanciya a littattafan fiƙihu, a babin jallala, wato dabbar da ta saba cin ƙazanta. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin namanta, amma da yawansu sun yi maganar tsare ta a kan abinci mai tsabta har sai warin ya gushe. Ganin cewa wasu masu kiwo suna ciyar da tarwaɗa da hanjin kaji da matattun kaji, mai son kauce wa ƙyanƙyami ko shubuha zai samu natsuwa idan ya ajiye ta kwana biyu ko uku.

Darasi daga Luwiziyana

Tambayar ko gishiri yana wanke cikin abin ruwa mai rai ba a Kano kaɗai ake yin ta ba. A jihar Luwiziyana ta kudancin Amurka akwai wata 'yar halittar ruwan daɗi da suke kira kurofish, mai ɓawo da ƙafafu goma, biyun gaba kamar na ƙaguwa. Ta bambanta da busasshen kirefish na kasuwannin Najeriya, wanda ƙananan jatan lande ne da ake kamowa a gaɓar teku, a wurare irin su Oron ta jihar Akwa Ibom. Abin da zai ja hankalin manomin Kura shi ne, a gonakin shinkafa ake kiwon yawancin kurofish: bayan girbi sai a sake cika gonar da ruwa, su yi girma a cikin kututturen shinkafa, a riƙa kama su da tarko.

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da suka fi yawa, iyalai kan sayi buhu mai nauyin kilo 14 zuwa 18 da ransu, su tafasa su a babbar tukunya a bayan gida, tare da masara da dankali da tafarnuwa da barkono. Kafin tafasawa ana juye su a baho, a tsince matattu da ciyawa da ragowar abincin tarko, a yi ta ɗauraya har ruwa ya fito garau. Ba a barin su nutse a ruwan da ba ya gudana, domin iskar cikinsa tana ƙarewa su mutu. An daɗe ana zuba musu gishiri da zaton yana sa su amayar da dattin cikinsu, amma gwajin da cibiyar nazarin aikin gona ta Jami'ar Jihar Luwiziyana ta yi ya nuna cewa ɗan gajeren wanka da gishiri bai fi na ruwa zalla wanke hanji ba, sai ma ya ƙara yawan masu mutuwa. Abin da ke aiki shi ne tsare su ba abinci, na kimanin kwana guda ko fiye, a ruwan da ake sa wa iska. Halittun biyu sun sha bamban, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Kashewa, cire yauƙi da feɗewa

Kifi ba ya buƙatar yanka irin na dabba kafin ya halatta, amma addini ya yi umarni da kyautatawa wajen kisa. Al'adar zuba wa tarwaɗa gishiri a rufe ta a roba har ta mutu tana wahalar da ita, tana kuma sa ta ƙara fitar da yauƙi. Abin da ya fi shi ne a naɗe ta da buhu ko tsumma, a buge ta da ƙarfi a ƙeya, sa'an nan a sa kakkaifar wuƙa a bayan ƙashin kai a datse ƙashin baya. Barin jini ya tsiyaye na 'yan mintuna yana rage ƙarni.

A kula da ƙayoyi biyu masu tsini da ke gefen ƙirjinta. Sukarsu tana da raɗaɗi, kuma takan yi ruwa idan ba a kula ba. Wanda ta soka ya wanke wurin da sabulu, ya tsoma shi a ruwan zafin da zai iya jurewa, idan ya kumbura ko wani ɓangaren ƙayar ya karye a ciki ya nufi asibiti. Gara a datse su tun da fari.

Yauƙi ana cire shi ne kafin a buɗe ciki, domin kada ya shafi tsoka. Hanyoyin da aka saba da su huɗu ne. Akwai gishiri: a barbaɗa cikin hannu, a cuɗa daga kai zuwa wutsiya, a kankare da bayan wuƙa. Akwai tokar itace mai tsabta, wadda ita ce dabarar mutanen karkara, tana kama yauƙin ya dunƙule. Akwai ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba: da an kwara, yauƙin zai yi fari kamar koko, sai a kankare a ɗauraye da ruwan sanyi nan da nan, domin tafasasshen ruwa yana tsaga fata ya fara dafa naman. Akwai kuma alif, wanda wasu ke kira alimun. Yana aiki sosai, amma idan ya yi yawa ko ba a ɗauraye da kyau ba yakan bar bauri. Garin sabulun wanki kuwa ba shi da gurbi a nan, domin ba don abinci aka yi shi ba, kuma fatar da ba ta da ɓawo tana riƙe ƙamshinsa.

Wajen feɗewa, a tsaga cikin a hankali daga mafitsara zuwa maƙogwaro, bakin wuƙa yana kallon sama. A zaro kayan cikin gaba ɗaya, a kiyaye matsarmama da ke manne da hanta, domin idan ta fashe ɗacinta yana kama nama. Ƙwai, idan akwai, ana ci. A cire dunƙulen kitsen ciki, tunda nan ne matattarar ɗanɗanon taɓo, a kuma goge daskararren jinin da ke kwance a jikin ƙashin baya. Mai son dafa kai ya tsaga shi, ya cire jan naman nan mai kama da soso da kifin ke numfashi da shi, haɗe da gaɓar shaƙar iska, domin nan laka ke maƙalewa.

Daga ƙarshe a shafe gunduwoyin da ruwan lemon tsami ko na tsamiya, a bar su kimanin minti 10, a ɗauraye. Tsami yana karya jiyosmin yana kuma rage ƙarni, sai dai iyakarsa inda ya taɓa, ba ya ratsa tsoka mai kauri. Taimako ne ga ajiyar ruwa mai tsabta, ba madadinta ba.

Abin da wanki ba ya cirewa

Akwai gurɓata iri uku da sai dai a guje musu tun daga wurin saye. Ta farko ita ce guba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kamu da guba ko nakiya ko lantarki, amma an san yadda wasu ke zuba maganin ƙwari irin su Gammalin 20 a ruwa domin kwasar kifi. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, yana cikin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta sa a jerin haramtattu a 2009, saboda yana daɗewa a jiki da muhalli. Tarin matattun kifaye iri-iri, manya da ƙanana, da ake neman sayarwa da gaggawa a farashi mai rahusa, abin tuhuma ne. Wannan yana daga cikin fa'idodin sayen kifi mai kuzari da ransa. Haka kuma kwatocin da ke kwashe rarar ruwan gonaki suna iya ɗauke da ragowar maganin feshi.

Ta biyu ita ce dattin masana'antu. Nazarce-nazarcen jami'o'i sun sha nuna sinadarai masu nauyi, irin su kuromiyam na majemu, a ruwan Kogin Challawa daga inda kwatocin masana'antu ke shiga cikinsa zuwa ƙasa. Irin waɗannan suna taruwa a hanta da sauran jikin kifi, kwana biyu a baho ba ya fitar da su, wuta ma ba ta ƙona su.

Ta uku ita ce ragowar magani. Kifin kiwon da aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da wa'adin da ya kamata ya cika kafin a sayar da shi, kamar yadda aka rubuta a jikin maganin. Ga mai sayen busasshen kifi kuma, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan amfani da maganin ƙwari irin su Sniper wajen adana kayan abinci.

Ruwan wanki da dahuwa

Ba daidai ba ne a feɗe kifi a wanke shi da ruwan magudanar noman rani, ko da ya yi kyau a ido. Cutar tsargiya sananniya ce a yankunan ban ruwa, ciki har da na Kura da Kadawa, kuma ba ta cin kifi ake ɗaukar ta ba: tsutsarta, wadda ke fitowa daga dodon koɗin ruwa, ta fata take shiga jikin wanda ya tsoma hannu ko ƙafa. Irin wannan ruwa yana iya ɗauke da ƙwayoyin amai da gudawa. A yi aikin a gida da ruwan da za a iya sha, a ware wuƙa da katakon yanka daga na kayan lambun da za a ci ɗanye, a wanke hannu da sabulu, a binne kayan cikin ko a ɗaure su a leda kafin ƙudaje su taru.

Kifin da aka gyara ya shiga tukunya nan take, ko firji, ko ƙanƙara. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, barin tarwaɗa da ranta a baho har ranar girki ya fi kowace ajiya aminci. A farfesu, ana bari romon albasa da attaruhu da citta da kimba ya tafasa tukuna, sa'an nan a jera gunduwoyin, kuma minti 15 zuwa 20 sun ishi matsakaiciyar gunduwa. Ba a juya ta da ludayi, girgiza tukunyar ake yi don kada ta farfashe. Ta nuna idan tsokar ta yi fari har ciki tana rabuwa da ƙashi cikin sauƙi, wato zafin cikinta ya kai digiri 63. Abin da ya rage kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba wuta ba sanyi, a tsananin bazara ma sa'a ɗaya.

Saboda haka, mai shirin farfesun ranar Lahadi zai fi cin riba idan ya sayo tarwaɗarsa tun ranar Juma'a, ya tambayi ruwan da ta fito, ya kuma ba ta kwana biyu a inuwa kafin ya ɗauko gishiri da wuƙa.